Amana Ce Jarin Baƙo: Nasiha Ga 'Ya'yan Da Suka Tashi Nesa Da Garin Iyayensu

'Ya'yana da jikokina na Talata Mafara da Bakura da Maradun, maganar kuɗi zan yi da ku, kuma na fi nufin mutum uku. Akwai wanda aka yanke wa cibiya a nan, amma iyayensa daga Ogbomosho ko Anacha ko Doso ko Tawa suka zo. Akwai ɗanmu na jini wanda neman abinci ya kai ubansa Agege ko unguwar Sabo ta Ibadan ko Zangon Kumasi, can aka haife shi, sai da Sallah yake ganin gida. Sannan akwai wanda 'yan bindiga suka taso iyayensa daga ƙauye, suka shigo gari suna zaman aro a ɗakin da ba nasu ba. Abu ɗaya ya haɗa ku: a gida ana biya muku wani karatu a kan kuɗi, in kun fita waje ku tarar ana biya wani daban.

Yaro ba ya jiran ya iya ƙirge kafin ya san mene ne kuɗi. Yana ganin inda uwarsa take ƙulle su, yana jin yadda muryar ubansa take sauyawa idan mai bin bashi ya yi sallama, yana lura da wanda ake ba wa da wanda ake ba haƙuri. A gidan baƙo malamai uku ne suke ba da wannan karatu: al'adar ƙabila, da addini, da tsoron baƙunci. Biyun farko kowa ya san da su. Na ukun ne ba a cika ambata ba, domin sau da yawa da sunan al'ada ko da sunan addini yake shigowa gida. Roƙona gare ku shi ne ku koyi rarrabe su. Al'ada ku zaɓi mai amfani a cikinta, addini ku riƙe shi ma'auni, tsoro kuwa ku tausaya wa iyayenku a kansa amma kada ku gaje shi.

Ku fara sanin cewa baƙunci ba sabon abu ba ne a ƙasar Zamfara, kuma ba abin kunya ba ne. Kambarin Barebari, waɗanda suka yi suna wajen fataucin goro zuwa Gwanja, daga Barno kakanninsu suka zo suka zauna a Gummi, har suka zama Hausawa, aka riƙa samun madugai a cikinsu. A zamaninmu kuma, aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina aka kammala a 1978, ya jawo direbobi da kanikawa da magina da masu sayar da abinci daga kusan kowane lungu na Najeriya. Wasu sun koma, wasu sun yi aure sun zauna. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau ta kawo nata malaman da ɗalibai, hanyar Gusau zuwa Sakkwato ita ma kullum tana sauke wasu. Duk wanda ya ce maka kai baƙo ne, in ka bi salsalarsa za ka tarar kakansa ma daga wani wuri ya taso.

Ku shiga kasuwar Mafara ranar Talata da la'asar sakaliya, lokacin da ciniki ya fara lafawa, ku tsaya ku duba da kyau. Ga shagon kayan gyaran babur na wani ɗan ƙabilar Ibo. Ya jawo littafin ciniki, ɗansa na tsaye a gefe yana karanto masa abin da ya fita: taya biyu, fulogi huɗu, sarƙa ɗaya. Uban ya ware uwar kuɗi gefe guda, ya ware na sayo sabon kaya, ya ware na coci da na ƙungiyar garinsu, abin da ya rage shi ne na cefane. Yaron ya ga kuɗi tuli, amma ko naira hamsin bai sa rai da ita ba, domin tun yana ƙarami ya san jari ba na ci ba ne. Taku kaɗan daga nan ga mai awon gero. Ya cika tiya ta yi tozo, ya ƙara gyara da tafin hannu, wata tsohuwa ta ce kuɗinta bai kai ba ya ce ta kawo wata Talatar, almajiri ya miƙo robarsa ya zuba masa. Nasa ɗan yana riƙe da bakin buhu, yana koyon cewa dukiya da albarkar mutane take yaɗo. Gobe yaran nan biyu benci ɗaya za su zauna a makaranta. Idan ba a yi musu bayani ba, ɗaya zai tashi yana ganin uban abokinsa marowaci ne, ɗayan kuma yana ganin uban nasa abokin mai sakaci ne. Alhali kowane uba rabin ilimin yake riƙe da shi, wanda ya haɗa biyun shi ne cikakken ɗan kasuwa.

Kowace ƙabila da hikimar da wahala ta koya mata. Ibo suna da tsarin yaron shago: yaro ya yi wa maigidansa hidima shekaru, ba albashi, yana koyon inda ake saro kaya da yadda ake riƙe abokin ciniki, in lokaci ya cika maigida ya yaye shi da jari ya buɗe nasa. Yarbawa sun ƙware a zubin kullum, mace mai sayar da kayan koli ko tela ta riƙa ajiye kaɗan-kaɗan wurin mai karɓa har ya zama kuɗin makarantar yara, kuma ba sa wasa da koya wa ɗa sana'ar hannu ko da yana karatun boko. Bafulatani tun ranar suna yake nuna wa jariri karsanarsa, yaro ya tashi tare da dukiyarsa, ya san ba a sayar da uwa sai dole ta yi dole. Zabarmawa da Buzaye da suke zuwa daga Nijar suna koya mana juriyar zama da kaɗan domin a aika wa na gida da yawa. Mu Hausawa muna da adashe, da gudummawar biki, da kara, da jarin da maigida yake ɗora wa yaronsa a bisa yarda. Waɗannan duka dabarun zaman duniya ne, ba wahayi ba. Don haka ɗan Bakura bai zama Ibo ba don ya buɗe littafin ciniki ya daina ci daga uwar kuɗi, ɗan Bayarabe kuma bai bar gidansu ba don ya koyi yi wa mai saye gyara.

Sai dai ku kiyayi abu ɗaya: kada ku bar zancen bakin kasuwa ya yanke muku ƙauna. Za ku ji ana cewa ƙabila kaza son kuɗi gare su, ƙabila kaza ba su iya tattali ba. Wannan magana tana cutar da yaro ta fuska biyu. Tana sa shi raina maƙwabcinsa, tana kuma ba shi uzurin zama da aibinsa, ya ce ai mu haka muke. A kowace ƙabila akwai mai amana akwai maci amana, akwai mai tattali akwai almubazzari. Hali na mutum ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Addini shi ne yake gaya maka abin da al'ada ba ta isa ta gaya maka ba, wato ta ina kuɗin nan suka shigo, kuma haƙƙin wa yake cikinsu. Musulmi ya san dukiya ajiya ce a hannunsa, za a tambaye shi yadda ya same ta da yadda ya kashe ta. Ku da kuka tashi a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, a hannun Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, jihar da take da hukumar zakka da waƙafi, bai kamata a fi ku sanin waɗannan hukunce-hukunce ba. Kuɗi ko kayan kasuwa in sun kai nisabi suka shekara, ɗaya cikin 40 ake fitarwa. Gero da dawa na damina ɗaya cikin 10, shinkafa ko alkamar da aka shayar da injin ban ruwa ɗaya cikin 20, saboda an yi la'akari da wahalar manomi. Shanu 30 maraƙi ɗaya, awaki ko tumaki 40 dabba ɗaya. Kuɗin ruwa haramun ne, caca haramun ce, tauye mudu da algus da ɓoye aibin kaya duka cin haƙƙi ne. Ku kuma lura cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Yaron da yake jin nauyin cewa ɗan'uwansa "mu rubuta", yana ganin rashin kara ne, ya bar umarnin addini ya bi kunyar al'ada. Zumunci da yawa ya tsinke a garuruwan nan saboda bashin da aka ƙulla da baki, mai bayarwa ya tuna wani adadi, mai karɓa ya tuna wani.

'Ya'yan maƙwabtanmu Kirista su ma da nasu ma'aunin suke tashi. Suna ganin iyayensu suna ware ɗaya cikin 10 domin coci, suna jin wa'azi a kan ma'aunin gaskiya da tausayin gwauruwa da maraya. Hukuncinmu da nasu ba ɗaya ba ne a wurare da yawa, kuma ba sai mun ɓoye wannan ba. Amma a kan cin amana da zamba da danne haƙƙin ɗan ƙwadago, liman da fasto magana ɗaya suke yi. Idan kun haɗa jari da wanda ba addininku ɗaya ba, ku gaya wa juna iyakokinku tun ranar farko: ni ba na karɓar kuɗin ruwa, ni ba na buɗe shago ranar Lahadi da safe. Wanda ya san iyakarka tun farko ya fi ganin girmanka.

Kada wani ya ce muku riƙon addini yana hana arziki. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, Ba'agale ne, jikan baƙi, mahaifiyarsa kuma a Ankara ta ƙasar Gana ta yi zaman kasuwanci. An ruwaito cewa a 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya, kuma bai karɓi kuɗin ruwa a kansu ba. Ya yi amfani da sabon abin da zamani ya kawo, ya tsaya inda addininsa ya ce ya tsaya. Daga tsatsonsa Aliko Ɗangote ya fito. Ku yanzu ma sauƙi ya zo muku, tunda bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, wasu kuma sun biyo bayansa.

Ku dubi kuma yadda Hausawan Sabo suka rayu a Ibadan tun da aka keɓe musu unguwar a 1916. Bafatake ya taho da shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, dillali ya sayar wa mahautan Yarbawa bashi, maigida ya tsaya a kai. In mahauci ya gaza biya, maigida ne zai cika daga aljihunsa, domin in sunansa ya ɓaci sau ɗaya babu bafataken da zai sake sauka gidansa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da su ya rubuta littafi a kan haka a 1969. Mutanen nan ba su da gonar gado a Ibadan, ba su da dangi a fada. Abin da ya riƙe cinikin shanu da goro na tsawon ɗaruruwan mil shi ne an san maganarsu ɗaya ce. Ɗan gari in ya yi ɓarna yana da gidan uba da zai fake. Baƙo ba shi da mafaka sai sunansa, kuma in ya ɓata shi, har waɗanda za su zo bayansa ya ɓata wa.

Yanzu ga malami na uku, wato tsoron baƙunci. Wataƙila kun taɓa jin haushin mahaifinku don ya shekara 30 a gidan haya a nan yana gina gida a garinsu wanda ba kowa a ciki. Wataƙila kakarku ba ta yarda da banki ba, sai ƙullin zane da ƙarƙashin katifa. Kafin ku yi musu dariya ku tambayi abin da idonsu ya gani. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, Hausawa da Yarbawa da yawa suka bar gidaje da shaguna suka taho da abin da hannu zai ɗauka. A 1966 Ibo sun bar Arewa cikin tashin hankali. A 1983 Najeriya ita ma ta kori baƙi. A nan gida, ruwan Bakolori ya ci gonaki da gidajen dubban mutane, rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a Afrilun 1980, waɗanda suka tsira suka gaya wa 'ya'yansu cewa kuɗin takarda ƙarewa suke yi, gona ce ba ta ƙarewa. Wanda ya ga irin wannan, ba laifinsa ba ne in ya kwana da takalmi kusa da kai.

Amma tsoro ba ya lissafi. Wanda ya ɓoye kuɗi a gida don gudun banki ya sha wuya a canjin kuɗi na 1984, ya sake shan ta a farkon 2023, ga tsadar kaya tana cinye darajar abin da aka ƙulle ko ba a taɓa shi ba. Wanda ya ƙi kafa komai a inda yake zaune ya bar 'ya'yansa ba su da gida a nan, can kuma ba su san kowa ba. Ku girmama dalilin iyayenku, sannan ku yi naku lissafin da idon zamaninku: ku mallaki takardun shaidar zama ɗan ƙasa, ku raba ajiya wuri biyu ko uku, ku sa wani abu a garin da yake ciyar da ku.

Ku da rashin tsaro ya raba da ƙauyukanku, ku na fi jin tausayi, kuma ku na fi ji wa tsoro. Kun ga an sayar da gona da shanun huɗa an kai kuɗin fansa. Kun ji labarin 'yan matan makarantar Jangebe da aka kwashe a Fabrairun 2021, a cikin ƙaramar hukumar nan ta Talata Mafara. Ɗan Bafulatanin da aka kore wa garke da ɗan manomin da aka hana shuka, zafi ɗaya suke ji. Haɗarin shi ne zuciyar yaro ta yanke cewa kuɗi na mai ƙarfi ne, ya fara sha'awar mai sabon babur ba tare da tambayar inda aka samo shi ba. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku karɓi ko sisi don kai rahoton maƙwabci ko kai saƙo daji. Ɗaukar kaya a kasuwa, da cirar shinkafa a fadamar Bakolori, da turin ruwa, duka sun fi wannan daraja, kuma mai yin su yana barci da ido biyu rufe. Ramukan zinariya ma ku yi hattara da su, domin a 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje.

Ɗana na Legas da Kumasi, kai ma ga taka. Ka iso Maradun da jajiberen Sallah, ka buɗe jaka a tsakar gida: turmin atamfa na inna, shadda ta baffa, sabulu da turare na gwaggo. Kafin la'asar jaka ta koma wayam, ga wasu suna ta sallama, kowa da takardar asibiti ko maganar taki. Kai da ka tashi inda ake biyan kuɗin ɗaki da na ruwa da na banɗaki, sai ka ji kamar an mai da kai rumbu. Ka sani ba kwaɗayi ne kaɗai ba. Wataƙila wancan tsohon ne ya sayar da akuya ya ba ubanka kuɗin mota ranar da ya fara fita cin rani. Sada zumunci wajibi ne, amma addini ya tsara shi: iyaye da iyalinka tukuna, sannan na kusa, gwargwadon hali. Ka yanke wani kaso sananne na samunka domin gida, ka faɗi gaskiyar ƙarfinka, kada ka ci bashi don a ce ɗan wane ya zo da kaya. In za ka iya, ka saya wa ƙanenka keken ɗinki ko injin ban ruwa sau ɗaya, ya fi ka riƙa aika masa na kati kowane wata. Ku kuma na gida, ku daina auna ƙaunar ɗan'uwanku da nauyin tsarabarsa.

'Ya'yana mata, asusun da kuke tarawa da adashen da kuke zubi ilimi ne babba, kada ku raina shi. Musulunci ya ba mace mallakar dukiyarta, sadakinta nata ne, gadonta nata ne, ba na miji ko na wa ba. Abin da nake jiye muku shi ne a kwashe tarin shekaru a zuba a kayan ɗaki don gasa da 'yar wani gida. Ku rage wani abu ya zama jari, ko tunkiyar kiwo ko injin markaɗe. Ku dubi maƙwabciyarku Bayarabiya yadda take riƙe da sana'arta bayan aure, ku ɗauki wannan, ku yi shi a cikin mutuncin addininku.

Akwai kuma malamin da iyayenku ba su yi zamani da shi ba, shi ne wayar da take hannunku. Ita ba ta tambayar ƙabila ko addini. Tana kawo cacar ƙwallo har cikin ɗaki, da masu ba da bashin minti biyar da ruwa mai nauyi, da masu alkawarin ninka kuɗi a wata guda. Ɗaya daga cikin masu irin wannan alkawari, MMM, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Ibo, kowa ya yi kuka, kuma har yau irinta suna fitowa da sabon suna. Duk ribar da ba za ka iya bayyana wa mahaifiyarka daga inda take fitowa ba, ka bar ta.

Saboda haka, 'ya'yana, ku samu lokaci ku zauna da iyayenku tun suna raye, ku tambaye su da nawa suka iso garin nan, wa ya fara yarda da su, me suka taɓa rasawa. Ku je wurin malami ku koyi nisabi da hukuncin ciniki kafin ku buɗe shago. Ku rubuta bashi ko na ɗan'uwa ne, ku biya kafin a tambaya, ku cika mudu ko mai saye makaho ne. Ku koyi sana'a daga duk wanda ya iya ta, ko wane yare yake ji. Ku kuma 'yan gari, ku riƙe 'ya'yan baƙi da mutunci, domin naku 'ya'yan suna can suna baƙunci a garin wasu. Allah ya ba ku halal mai albarka, ya tsare ku daga dukiyar da za ta zame muku nadama, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara. Amin.